Raliya Mai Cuku da Ɗan Kaka

Duk wanda ya ci kasuwar Bader Gula a shekarun baya, da wuya a ce bai ji muryar Raliya ba, ko da bai ga fuskarta ba. Can wajen masu nono take zama, 'yar siririyar mace mai wushirya, da faifan cuku a gabanta, amma tun daga bakin kasuwa ake jiyo ta. In dillali ya taya mata cuku tayin raini, sai ta dube shi daga hula har takalmi, ta ce, "Alhaji, wanga tayi na cukun ne ko na ƙamshinshi? In na ƙamshi ne, sunsuna ka wuce, na yafe maka." Kasuwa ta ɗauki dariya, mutum ya saya don ya samu ya tsira da mutuncinsa.

Garinsu shi ne Gidan Ɗangoggo, ɗan ƙauye mai rijiya guda da masallaci guda, a gefen hanyar da ke zuwa Dakoro. Mijinta Agali makiyayi ne, rabin shekara yana arewa wajen Tagris da shanu, saboda haka gida a hannunta yake. Har garin ma, in za a faɗi gaskiya, wajen mata a hannunta yake. In biki ya tashi ita ce kan gaba. In an kaure da faɗa a bakin rijiya ita ake kira. Sabon abu kuwa, ko irin wake ne ko maganin ƙwari, matan garin ba sa sa hannu sai sun ga Raliya ta sa.

Mutum guda ne a duniya wanda bakin nan nata yake mutuwa a gabansa: ɗanta na fari, Mutari.

Kun dai san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane. A wasu gidajen abin ya yi sauƙi yanzu, amma dangin su Raliya da hannu biyu suke riƙe da shi. Ita kuma da yake an san ta da baki, sai ta fi kowa tsanantawa, don kada a ce rashin kunyarta ya kai har nan. Da aka yaye yaron, uwar Agali, wadda kowa ke kira Kaka, ta ɗauke shi zuwa ɗakinta. Ya tashi yana kiran Kaka Inna, yana kiran uwar da ta haife shi Yaya. Ita kuwa Raliya in ta kama dole ta ambace shi, sai ta ce "ɗan Kaka". Da haka sunan ya bi shi duk gari.

Kada ku ɗauka babu ƙauna. Akwai ta, sai dai ta ɗakin Kaka take bi. Raliya ta zaɓi cukun da ya fi kowanne kyau, ta kai ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce, "Kaka, wanga ya karye, ba ya sayuwa, ku ba kaji." Tsohuwa ta juya shi gaba da baya, babu inda ya karye, ta yi murmushi. Da yamma ta miƙa wa yaron, ta ce, "Ungo, zakaran gidanmu. Uwarka ta aiko, ta ce ka ci ka yi ƙiba." Raliya ba ta faɗi haka ba, amma abin da take nufi ke nan. Haka kuma in labari zai dawo. In an yi jarrabawa a makarantar boko, Kaka ta leƙo ta ce, "Ɗanki ya zo na ɗaya a lakwal." Raliya ta ce, "Ina ruwana?" Sannan ta yini tana daka tana waƙa, har maƙwabta su ce yau kuma mi aka samu.

Da haka yaro ya yi lakwal ta ƙauye, ya yi kolej a Dakoro, ya yi lise, wato babbar sakandare, a Maraɗi, ya shiga jami'a yana karatun noma da kiwo. Duk tsawon shekarun nan tsohuwar ce ke ɗauko magana daga nan ta kai can, ta ƙara mata gishiri a hanya. Sai ga shi wata shekara da sanyi Kaka ta kwanta, ba ta tashi ba. Mutari ya zo gaisuwa, ya yi kukansa, ya koma. Mutane suka yi ta jimamin tsohuwa, amma babu wanda ya tsaya ya yi tunanin wa zai riƙa kai saƙo yanzu.

Ba a daɗe ba sai wata cuta ta ɓullo a rediyo, wai ita korona. Da fari can ƙasashen Turawa ake jin ta, sai aka ji ta a Yamai, sai aka ce an rufe makarantu, an hana taro, motocin fatake suka ɗauke ƙafa. Kasuwar dabbobi ta Dakoro ta yi sanyi, rago ya rasa mai taya shi. Cuku kuwa ya bushe a faifai har ya gaji da bushewa. Ga bazara, rana kamar ta sauko ƙasa, ga azumi ya kawo kai.

Ɗaliban jami'a 'yan ƙasar Dakoro suna da ƙungiya. Suka ce ba za su zauna suna kallon bango ba, kowa ya koma ƙauyensu ya yi wa mutanensa aiki. Haka Mutari ya iso bisa moto, a bayan abokin karatunsa Zakiru, ɗan wani ƙauye na wajen Tagris. Sun ɗauro bido, wato jarka ta roba, da ƙyallayen rufe hanci waɗanda 'yan birni ke kira babet, da man gyaɗa, da ɗan buhun soda irin wadda ake sabuni da ita. Zakiru ya sauke shi, ya sha ruwa, ya wuce garinsu.

Raliya na tatsar akuya ya shigo. Ya durƙusa daga nesa.

"Yaya, ina wuni?"

"Lafiya lau," ta ce, idonta na kan ƙwarya.

"An rufe mana lakwal."

"Haka muka ji."

Ya ɗan dakata. Da Kaka na nan, da tuni ta fito tana tafa hannu, tana mijina ya dawo, dubi yadda ya rame, matan birni ba su iya tuwo ba. Amma ɗakin Kaka a rufe yake. Ya tashi ya buɗe, ya tarar an share, an yayyafa ruwa, ga sabuwar tabarma, ga fura an rufe da faifai. Ya san wa ya yi. Sai dai shara da fura, ko baƙo ne ya sauka ana yi masa.

Washegari ya kama aiki. Ya kafa sanduna a ƙofar masallaci, ya rataya bido mai ɗan huji, ya ɗaura igiya zuwa wani icce a ƙasa, yadda in mutum ya taka sai bidon ya karkata, ruwa ya zubo siriri, ya wanke hannu bai taɓa komai ba. Ya rataya sabuni a gefe. Yara suka yi ta murna. Manya kuwa suka tsaya suna kallo da hannu a baya.

Wani dattijo ya ce, "Ɗan Kaka, ka manta zurfin rijiyar garin ga? San da ke jan igiya sai ya yi tafiya har ya kusa ɓacewa kafin wasakin ruwa ya fito. Ruwan da muke rabawa da shanu, shi za mu riƙa zubarwa bisa hannu?"

"Baba, ai kaɗan yake zuba."

"Cutar masu hawa jirgin sama ce. Mu nan ko mota sai ranar kasuwa."

Aka yi dariya. Mutari ya yi shi ma, ta yaƙe. Kullum da safe shi yake cika bidon da kansa, kafin azahar yara sun yi wasa da shi sun ƙarar. Sai kuma aka fara ganin wani abu: da la'asar in an zo salla, bido cike yake.

Raliya ce. Da tsakar rana, lokacin da azumi ya kwantar da kowa, ko kaza ba ta motsi, sai ta ɗebi ruwa daga randarta, ruwan da ta sha wuya ta jawo da sassafe, ta bi ta bayan rumbuna, ta cika bidon, ta dawo da sauri kamar wadda ta yi sata. Ƙasa na ƙona mata ƙafa, maƙogwaronta a bushe. Mutari ya ɗauka aikin gidan liman ne, har ya je ya yi godiya. Liman bai san zancen ba, ya ce, "Allah shi karɓa." Da labarin ya iso kunnen Raliya sai ta yi dariya ita kaɗai a madafi, amma dariyar ba ta yi nisa ba.

Babban abin da ya kawo Mutari kuwa shi ne sabuni. Ya ga cuku ba ya sayuwa, ya ga mata sun zauna hannu sake. Ya ce in suka koyi yin sabuni, ga na wanke hannu a gida, ga na kaiwa kasuwa, don ko fatake ba su zo ba maƙwabci ma yana wanki. Ya roƙi mai gari, aka yi shela, mata suka taru da hantsi a ƙarƙashin babbar aduwa ta bayan gari. Ya ce su zauna nesa da juna, suka dube shi, suka ƙara matsewa.

Raliya ta zo daga baya, ta zauna can gefe, ta ba shi rabin baya, tana tsifar igiya kamar inuwa kawai ta kawo ta. Kusa da ita taubashiyarta ce Nana, wadda tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

Mutari ya ɗaure hannunsa da leda, ya zuba soda a ruwa. Roba ta ɗauki zafi, wani tururi ya tashi mai shiga hanci. Mata suka ja baya.

"Kai! Ruwa na tafasa ba wuta?"

"Ni dai an ce mini farin garin nan Nasara suka aiko. Mace ta taɓa shi, ta gama haihuwa."

"Wallahi ƙarya ce, Inna," in ji Mutari. "A kasuwar Maraɗi muka saye shi. Duk sabunin da kuke wanki da shi, da wanga ake yin shi."

"To likitan bido," in ji Nana, "in ya cinye mini hannu, kai za ka riƙa yi wa mijina tuwo?"

Ya yi bayani, ya sake yi. Ya zuba man gyaɗa yana juyawa da muciya, gumi na bin fuskarsa, bakinsa ya bushe da azumi. Ya ce wata ta zo ta karɓi muciyar ta ji yadda yake kauri. Babu wadda ta motsa. Ya kira wannan, ta noƙe. Ya kira waccan, ta rufe fuska da mayafi. Ya lura duk wadda ya kira, kafin ta ƙi sai ta saci kallon wuri guda. Ya bi inda idanunsu ke zuwa, ya ga bayan uwarsa.

Ya san al'ada, ba wai bai sani ba. Amma ya gaji, kuma ya daɗe a birni inda yake ganin abokansa suna hira da iyayensu mata a salula suna ƙyaƙyata dariya. Sai bakinsa ya riga tunaninsa.

"Yaya," ya ce, "don Allah ke taho ki kama muciyar ga. In kin kama, za su kama."

Mata suka juyo gaba ɗaya. Raliya ta ji kamar an zuba mata ruwan zafi a baya. Ƙafarta ta so tashi, wallahi ta so, har ta dafa ƙasa. Amma ga idon matan gari duka a kanta, ga tsofaffi, ga surukan 'ya'yanta mata. A ce ɗan fari ya kira ta a tsakiyar taro, ita kuma ta miƙe da rawar jiki ta amsa? Sai bakin ya faɗi abin da ya saba faɗi shekara da shekaru.

"Ina ruwana da ɗan Kaka? Ku tambayi mai shi."

A da, in ta faɗi haka, mai shi tana nan kusa, sai ta karɓe zancen ta ce ku kawo, ni zan kama wa mijina. Yau mai shi tana maƙabarta. Maganar ta faɗi ƙasa, babu wanda ya ɗauka.

Nana ce ta fara dariya, don ta saba duk abin da Raliya ta faɗi wasa ne. Ta ce, "To kun ji! Wadda ta haife shi ma ta tsere da hannunta, sai mu?" Mata suka kwashe da dariya, suka fara kakkaɓe zane, wannan ta ce ta bar gero a turmi, waccan ta ce yaro na kuka. Raliya ta tashi tare da su, don zama bayan sun tafi ya fi tashin muni. Da ta kai kwanar rumbu ta saci kallo. Yana nan shi kaɗai a durƙushe yana juya muciya, don in aka bari sabunin zai lalace.

Washegari da safe tana baje nonon da ya kama a kan 'yar tabarmar kara, ya zo ya tsaya. Wannan karon bai durƙusa nesa ba, kusa ya zo.

"Yaya, ba na ce ki kira sunana ba. Ba na ce ki yabe ni ba. Nan ba kowa, daga ni sai ke. Ki gaya mini kawai, aikin ga da nake yi, kina ganin shirme ne?"

Hannunta ya ci gaba da baje cuku, har ya yi siririn da ba a so. Maganar na nan a ƙirjinta, cike, tana jin nauyinta. Amma tun da ta haife shi ba ta taɓa yi masa magana doguwa ba, ba ta san ta inda ake farawa ba. Mace mai mayar wa dillalai magana tun ba su rufe baki ba, ta nemi kalma guda ta rasa.

"Akwai cuku a ɗakin," ta ce. "Na buɗa baki."

"Ba cuku na tambaya ba, Yaya."

Ta ci gaba da baje cukunta. Ya jira, ya jira, har inuwar zana ta matsa. Sannan ya ce, "Shi ke nan. Na ji." Ya juya.

Bai ƙara kiran taro a Gidan Ɗangoggo ba. Ya aika wa Zakiru, ya zo ya ɗauke shi, suka koma can wajen Tagris inda matan garin suka karɓi aikin. A can ya yi salla. Da aka ce an buɗe makarantu, ya biyo ya ɗauki jakarsa. Moto na jiransa a ƙofar gida, bai ko zauna ba.

Raliya ta rasa yadda za ta yi, ta fita ta baya da gudu ta kamo Nana.

"Ki je ki ce mishi..."

"In ce mishi mi?"

"Ki ce... ke dai kin sani. Ki gaya mishi."

"Yau ga abin mamaki, baiwata ta rasa baki! To na ji."

Nana ta fita tana gyara ɗaurin zane, ta tarar ya hau moto. Ita a ganinta abin da ya faru a gindin aduwa ya wuce tuni, wasa ne aka yi aka tashi. Ta ɗaga murya ta ce, "Likitan bido! Uwarka ta ce in ka tashi aure kada ka kawo mana mai wando!" Mazan da ke zaune suka yi dariya. Mutari ya ce, "To Inna, na ji saƙo." Moto ya tashi. Raliya na bayan zana tana jin komai.

Bayan tafiyarsa ta shiga share ɗakin Kaka, ta tarar ya bar ragowar soda a ƙarƙashin gado, da robar, da muciyar. Ta daɗe tana kallonsu. Ranar taron nan ta ba shi baya, amma babu abin da ya yi wanda ya wuce mata: yawan ruwan, yawan man, wanne ake fara zubawa, yadda ake juyawa hannu guda ba a komawa baya. Ta rufe ƙofa ta gwada. Na farko ya tsinke, kuma ruwan soda ya fallatsar mata a wuyan hannu, ya bar mata tabo. Na biyu ya kama. Ta zuba a gwangwanaye, ta bar shi ya sha iska har ya yi ƙarfi, sannan wata safiya ta ɗauki wankinta ta tafi bakin rijiya, ta zauna inda kowa zai gani, ta yi ta kumfa.

"Raliya, ina kika samo wanga?"

"Sama ya faɗo. Ke dai kawo zanenki ki gani."

Yanzu da yake ba ya nan, babu kunyar kowa a kanta, bakin ya dawo. Ta tsokani wannan, ta zolayi waccan, ta ce wa mai tsoron daina haihuwa, "Ke da kike da tara, in ma gaskiya ne ai taimakonki aka yi." Kafin damina ta yi nisa, mata suna taruwa a gidanta da leda a hannu. Kafin kaka, sabunin Gidan Ɗangoggo ya shiga kasuwar Bader Gula. Wata ta sayi akuya, wata ta yi wa ɗiyarta takalmin lakwal. Nana ma, mai tsoron hannunta, ta zama ita ce gwanar yanka.

Raliya kuwa abu guda ta sa a rai. Ba sai ta yi magana ba. In ya zo hutu zai shigo gida ya ga sabuni jere a kan zana, ya ga muciyarsa a hannunta, ya ga tabon. Yaro ne mai hankali, zai gane. Kullum ta yi sabon zubi sai ta ware mafi kyau ta ajiye a ɗakin Kaka.

Hutu ya zo, bai zo ba. Aka ce karatun da korona ta cinye ake ramawa. Da salla ya kira ubansa a salula, can wajen kiwo. Shi ma Agali, yaron ɗan farinsa ne, hirarsu ba ta wuce kowa lafiya, lafiya lau, a gaida gida. Wani hutun ya sake zuwa, aka ce ya samu ɗan aiki a birni. Raliya ta ce a ranta, ai dai zai zo. Gida ne.

Da damina ta zagayo, sai cutar amai da gudawa ta shiga wasu unguwannin Maraɗi. Ɗaliban nan suka sake fitowa, suna bi gida gida suna sa magani a ruwan sha, suna nuna wa mutane yadda za su tsare kansu. Mutari na cikinsu, shi ne ma kan gaba. Wata safiya ya tashi da ciwon ciki, ya ce ba komai, ya fita aiki. Kafin a kai shi likita jikinsa ya zube. A can aka yi masa sutura, don irin wannan cuta ba a tafiya da gawa.

Zakiru ne ya kawo labarin. Raliya na tsakar gida da mata suna yankan sabuni ta ji ƙugin moto, ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba. Sai ta ga mutum guda ne a kai.

Aka yi zaman makoki. An aika wa Agali ya sauko daga arewa, yana waje da maza. A cikin gida kuwa, kun san yadda abin yake, kunyar ba ta ƙarewa don mutum ya mutu. Gwaggwanninsa suka yi kuka, ƙannensa mata suka yi ta birgima, Raliya kuwa tana zaune a ƙofar ɗaki, ido a bushe, tana amsa gaisuwa. Mata su durƙusa su ce, "Allah shi jiƙan ɗan Kaka." Ta ce, "Amin." Tsofaffi na yaba ta a gefe, suna cewa ka ga 'yar gidan mutunci.

Da Zakiru ya shigo sallama zai koma, ya durƙusa a gabanta. Mata sun ɗan ragu, sai Nana a kusa. Raliya ta dube shi, ta yi magana ƙasa ƙasa.

"Ɗana, abokinka... ya samu labarin sabunin garin ga?"

Zakiru ya sunkuyar da kai. "Ya samu, Inna. Ni na gaya mishi. Wani ɗan garinmu ya gani a kasuwa."

"Mi ya ce?"

Yaron ya shiga wasa da makullin moto.

"Kada ka gyara mini magana. Yadda ya faɗa nake so."

"Ya yi murna, Inna, wallahi ya yi. Ya ce alhamdu lillahi, tunda dai sun koya." Sannan ya ƙara da cewa, "Ya ce ƙila wasu masu proje ne, 'yan ƙungiyar agaji, suka zo bayanshi da mota, aka saurare su. Ya ce shi dama ba a gida ake jin maganarshi ba."

"Bai san wa ya fara ba?"

"Wa ya fara, Inna?"

Nana ta buɗe baki, Raliya ta dafa mata gwiwa. Ta ce wa Zakiru, "Allah shi yi maka albarka. Ka gaida mutanen gida. Ka bi hanya sannu, an yi ruwa."

Ya tashi ya fita. Ta zauna har ƙugin moto ya ɓace. Sannan ta miƙe, ta gyara mayafi, ta bi ta tsakanin mata a natse, ta zaga bayan ɗaki inda garken awaki yake, ta shiga ta ja ƙyauren kara. Awaki suka ɗauki kuka, yadda suke yi in an shigo musu.

Nana ta bi ta, amma ba ta shiga ba. Ta tsaya a bakin garken, ta ba shi baya, ta buɗe zanenta ta tare hanya. Can sai ga wasu mata daga wani ƙauye sun iso gaisuwa, suna tambayar ina uwar gidan. Aka nuna musu bayan ɗaki, suka nufo.

"Ku koma ku zauna, tana zuwa," in ji Nana. "Tatsa take yi."

Rana na tsaka, ba lokacin tatsa ba ne, kuma babu wadda ta ga ta shiga da ƙwarya. Matan suka dubi Nana, suka saurari abin da ke fitowa daga cikin kukan awakin, babbarsu ta ce, "To, a bar ta ta gama." Suka juya.